JAGORA GA SABON MAI AIKI DA KYAMARAR FIM TA ZAMANI

Gabatarwa

An shirya wannan ɗan littafi domin amfanin 'yan ƙasa waɗanda kyamarar ɗaukar fim ta zamani ta shigo hannunsu karon farko, ko ta hanyar saye, ko haya, ko kuwa ofishinsu ne ya damƙa musu ita. Kayan nan suna da tsada ƙwarai, kuma kuskuren minti ɗaya yana iya lalata aikin da mutum talatin suka yini suna yi a cikin rana. Don haka muna roƙon mai karatu ya bi bayanin nan a tsanake kafin ya fita wurin aiki.

Sana'ar fim ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Iyayenmu sun kalli majigi a ƙofar fada da filayen kasuwa tun zamanin Turawa. A 1976 Adamu Halilu ya shirya fim ɗin Shaihu Umar a kan zaren fim irin na da, wanda sai an wanke shi kafin a ga abin da aka ɗauka. A 1979 aka kafa Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda ke da hedkwata a Jos. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. Daga 2007, shekarar da kyamarar RED One ta fito, sai kamfanoni irin su ARRI da Canon da Sony da Blackmagic suka yi ta fito da kyamarori masu ajiye hoto a kati. Yau saurayi a Wuse ko Gwagwalada yana iya yin hayar kyamarar da hotonta ya isa a haska shi a babban allon silima. Sai dai kyamarar ba ta yi wa kowa tunani. Abin da aka saita mata shi za ta yi, daidai ne ko kuskure.

1. Kafin a bar gida

Kada ranar aiki ta zama ranar koyo. Wanda zai karɓi kyamarar haya ya karɓe ta kwana ɗaya kafin aiki, ya kunna ta a gaban mai ita, ya ɗauki hoton minti biyu, ya buɗe shi a kwamfuta, ya gani da idonsa, ya kuma saurari sautin. A ƙidaya batura da katuna da wayoyi, a rubuta a takarda, kowa ya sa hannu. Wanda ya yi aiki da kyamarar kafin kai ya bar nasa saitin a ciki, saboda haka a mayar da ita saitinta na asali, a gyara kwanan wata da lokaci, sannan a soma saitawa daga farko.

2. Hoto yana rawa ko yana ƙyaftawa

Wannan ita ce matsalar da ta fi damun sababbin hannu idan ana aiki a cikin ɗaki. Za a ga haske yana ƙyaftawa, ko wasu layuka masu duhu suna hawa da sauka a kan hoton. Dalili shi ne wutar lantarkin Nijeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa sau 60. Kyamarar da aka sayo daga can takan zo a saite bisa wutar can, watau hoto 30 ko 60 a daƙiƙa, sai ta saɓa da fitilun ɗakunanmu.

Maganin shi ne a sa ta ɗauki hoto 25 a daƙiƙa, wanda shi ne tsarin talabijin na ƙasar nan, a kuma sa saurin ƙiftawarta a kan 1/50, ko digiri 180 idan da digiri take lissafi. In kuwa domin gidan silima ake aikin, aka zaɓi hoto 24 a daƙiƙa, to a sa digiri 172.8, domin shi ne ya yi daidai da 1/50. A lura cewa ƙaramin janareta ba kullum yake riƙe juyi 50 cif ba, musamman idan kaya sun yi masa yawa. Duk lokacin da aka koma kan janareta a sake duba hoton. A kuma tsai da shawara a kan 24 ko 25 tun ranar farko, kada a canja har fim ya ƙare.

3. Hoto ya yi fari fat a rana

Kyamarorin nan suna da saurin karɓar haske. Da yawansu an gina su ne su yi aiki mafi kyau a kan ISO 400 ko 800, ranar Abuja kuwa tsakanin ƙarfe 11 na safe da ƙarfe 3 na yamma ta fi ƙarfin wannan nesa ba kusa ba. Sabon hannu yakan ƙara saurin ƙiftawa zuwa 1/1000 don ya rage haske, sai motsin mutane ya koma tsalle-tsalle, ba daɗin kallo. Hanyar da ta dace ita ce a sa gilashin rage haske, wanda ake rubuta ND a jikinsa. Aikinsa kamar na baƙin tabarau ne. Mai lamba 0.3 yana rage rabin haske, mai 0.6 yana barin kashi ɗaya cikin huɗu, mai 0.9 kashi ɗaya cikin takwas. Wasu kyamarori suna da shi a cikinsu, wasu sai an ɗaura a gaba.

Akwai kuma matsalar da ta shafe mu musamman. Mutum baƙi sanye da farar babbar riga a tsakiyar rana yana wahalar da kowace kyamara: in an bi rigar fuska ta yi duhu, in an bi fuskar aikin rigar ya ɓace. A kai shi inuwa, ko a sa wani ya riƙe farin allo yana mayar da haske a fuskarsa daga ƙasa. Kada a dogara da ƙaramin allon kyamara, domin rana tana ruɗin ido. A kunna alamar nan mai zane kamar jikin jakin dawa, wadda ke nuna wuraren da haske ya ƙone hoto. Abin da ya ƙone ba ya dawowa a wurin haɗa fim. Mafi kyawun haske yana samuwa da sassafe da kuma bayan la'asar. Amma a sani rana a Abuja tana faɗuwa tsakanin ƙarfe 6 da 7 duk shekara, kuma duhu yana shigowa da sauri, don haka a shirya tun da wuri.

4. Hoto ya fito kamar an wanke launinsa

Mutane da yawa sun mayar da kyamarar haya da faɗa, suna cewa ta lalace, don sun ga hoton ya yi toka-toka. Lafiyarta lau. An sa ta ne a tsarin da ake kira Log, wanda yake tattara bayanin wurare masu haske da masu duhu domin a gyara launi daga baya a kwamfuta. Wanda yake da mai gyaran launi ya bar ta a haka, ya kunna abin da ake kira LUT don allon ya nuna masa yadda hoton zai kasance a ƙarshe. Wanda kuwa zai miƙa aikinsa gobe, kamar mai ɗaukar taro ko biki, gara ya zaɓi tsarin Rec.709, wanda launinsa yake fitowa a shirye.

Idan fuskoki sun yi shuɗi ko ruwan lemo, to ma'aunin fari ne bai daidaita ba. Hasken rana wajen 5600 yake a ma'aunin Kelbin, fitilar ƙwai mai zafi kuwa wajen 3200. A nuna wa kyamara farar takarda a cikin hasken da za a yi aiki da shi, a saita, a sake yin haka duk lokacin da aka canja wuri.

5. Fuska ba ta fito sarai ba

Idon kyamarar fim ya fi na kyamarar bidiyo ta da girma, don haka tazarar da take fitowa sarai ƙanƙanuwa ce. In an buɗe ƙofar haske har 1.8, ɗan wasa yana matsawa taki ɗaya sai ya dushe. Sabon hannu ya tsaya a kan 4 ko 5.6 har hannunsa ya faɗa. A ƙara girman hoton a allo, a daidaita a kan ƙwayar idon mai magana, a kuma yi wa 'yan wasa alama a ƙasa inda za su tsaya. Dushewar da ba a gani a ƙaramin allo ba, kowa zai gan ta a babba.

6. Kyamara ta tsaya da kanta

Dalilai uku ne suka fi jawo haka: kati, ko zafi, ko batir.

Kati. Hoton 4K, mai ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, ya ninka na HD sau huɗu. Idan ana ɗauka da tsarin ProRes 422 HQ a hoto 25, awa ɗaya tana cin fiye da gigabait 300, watau katin 128 ba zai kai minti 25 ba. Katin da ba shi da sauri kuwa ba zai iya karɓa ba, sai kyamara ta tsaya. Lambobin V30 da V60 da V90 da ke jikin kati suna nuna megabait nawa yake iya rubutawa a daƙiƙa. A duba jerin katunan da kamfanin kyamarar ya amince da su. A guji kati mai arhar da ta wuce hankali, domin jabu sun yi yawa a kasuwa, kuma araha ba ta ado.

Zafi. Yawancin kyamarori an yi su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba. A watannin Maris da Afrilu iskar Abuja kanta takan kusanci haka, balle baƙin ƙarfen da aka bari a rana. A riƙa mata lema, a kashe ta tsakanin fitowa da fitowa, kada a toshe ramukan da take shan iska, kada kuma a bar ta a cikin mota a rufe.

Batir. Ƙaramin batir na wasu kyamarori ba ya kai awa ɗaya. A tanadi aƙalla huɗu, a sa musu lamba, a ware cikakku daga waɗanda suka ƙare. Kada a haɗa kyamara ko caja kai tsaye da janareta ba tare da na'urar daidaita wuta ba. Mai tafiya ta jirgin sama ya sani cewa ba a sa baturan ajiya a akwatin da za a ɗora a ƙasan jirgi, a jakar hannu ake riƙe su, kuma wanda ya wuce awon 100Wh sai da izinin kamfanin jirgin.

7. Ƙura da danshi

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana shiga ko'ina. Idan aka ga ɗigon baƙi a wuri guda a kowane hoto, musamman a sararin sama, ƙura ce ta hau idon kyamara. A canja gilashi a cikin mota ko ɗaki, kyamara a kashe, bakinta yana kallon ƙasa. A hura ƙurar da 'yar robar hura iska. Kada a hura da baki, kada a goge da bakin riga ko auduga. In ba ta fita ba a kai wa gwani.

Da damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, fitar da kyamara daga ɗaki mai na'urar sanyaya iska zuwa waje yana sa gilashi ya yi raɓa. A bar ta a cikin jakarta a rufe kamar rabin awa har ta saba da iskar waje.

8. Sauti

Mai kallo yana yafe hoto mai rauni, amma ba ya zama a kan maganar da ba ya ji. Makirufon da ke jikin kyamara bai isa ba. A kawo na daban kusa da bakin mai magana, a kai janareta nesa da doguwar waya, a kashe fanka da firji. In makirufo ya ƙi aiki, a duba ko irin wanda ke bukatar wutar 48V ne daga kyamara. Ma'aunin sauti ya riƙa tsayawa wajen -12, kada ya taɓa sifiri. Lalle mutum ɗaya ya sa abin saurare a kunne tun daga farko har ƙarshe. A tafa hannu ko allo a farkon kowace fitowa, domin mai haɗa fim ya daidaita hoto da sauti.

9. Tsare abin da aka ɗauka

Asarar da ta fi kowace ciwo ita ce a goge katin da ba a kwashe ba. 'Yan wasa sun watse, kuɗi sun ƙare, aikin kuma ya tafi. A kiyaye waɗannan ƙa'idoji:

(a) A share kati a cikin kyamarar da za ta yi aiki da shi, ba a kwamfuta ba.
(b) Kada a zare kati muddin fitilar rubutu tana ci.
(c) Katin da ya cika a manna masa takarda mai lamba, a miƙa wa mutum ɗaya tak da aka ɗora wa alhakin kwashewa.
(d) A kwafe dukan abin da ke cikin katin yadda yake, a ma'ajiya biyu dabam-dabam.
(e) A buɗe hotunan a gani kafin a ba da izinin share katin.
(f) Kada ma'ajiyar biyu su kwana a jaka ɗaya.

10. Doka da ladabi

Abuja mazaunin Gwamnatin Tarayya ce tun 12 ga Disamba, 1991, kuma tana da wuraren da ba a ɗaukar hoto sai da izini, kamar kewayen Fadar Shugaban Ƙasa, da barikokin soja, da filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe. Tashin kyamara mai tashi sama yana bukatar izinin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama da na Ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaron Ƙasa. A kasuwa ko unguwa a fara gaida shugabannin wurin, kada kuma a ɗauki kowa ba da saninsa ba. Fim ɗin da za a sayar ko a haska wa jama'a sai ya bi ta Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, mai hedkwata a Abuja. Jihar Kano ma tana da tata hukumar tun 2001.

Kammalawa

Mai son zurfafa ilminsa yana iya neman shiga Cibiyar Koyon Aikin Fim ta Ƙasa da ke Jos, ko ya halarci bikin finafinai na Zuma da ake yi a Abuja, inda zai haɗu da waɗanda suka riga shi a sana'ar. Matambayi ba ya ɓata. Wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya karanta wa abokan aikinsa, ya kuma ajiye shi a jakar kyamara don ranar bukata.