Yadda ake tace ƙaron Xanthan daga sukarin masara

Irin masarar da ake nomawa a Tudun Wada da Doguwa, a kudancin jihar Kano, ita ce wasu masana'antu a Sin da Amurka ke sarrafawa su samar da Xanthan, ƙaron da ke sa kayan abinci da man goge baki kauri.

Ba daga bishiya ake samun wannan ƙaro ba. Wata ƙwayar bakteriya ce, Xanthomonas campestris, ke fitar da shi idan aka ciyar da ita sukarin masara a manyan tankuna. Allene Jeanes da abokan aikinta a ma'aikatar aikin gona ta Amurka ne suka gano shi, aka kuma fara sayar da shi a shekarun 1960.

Babban aikin dai shi ne raba ƙaron da ruwan tankin, domin yawanci bai wuce kashi 3 cikin 100 na ruwan ba.

Da farko akan dafa ruwan a kashe ƙwayoyin. Daga nan a zuba sinadarin isopropanol, ninki biyu ko uku na ruwan. Da yake ƙaron ba ya narkewa a cikinsa, sai ya dunƙule kamar zare, a matse, a busar, a niƙa.

Isopropanol dangin alkohol ne, amma ba barasar sha ba ce, kuma yana tashi yayin busarwa. Kamfanoni da dama na da shaidar halal kan ƙaron, wanda ake rubutawa E415 a jikin kaya.

Dafawa, da busarwa, da maido da sinadarin don sake amfani da shi, duk suna cin makamashi mai yawa. Don haka masara kaɗai ba ta isa a kafa irin wannan masana'anta ba, sai da tsayayyar wutar lantarki.