Ranar Da Muka Sauka Maraɗi

'Yan uwana mata, tun ina ƙarama nake jin Hajiyarmu tana cewa kakarta Bakatsiniyar Maraɗi ce, amma ban taɓa taka ƙasar Nijar ba sai a watan Satumba na 2024, kuma ba biki ne ya kai ni ba. Ranar Juma'a 30 ga Agusta aka tafka wani ruwa a birnin Maraɗi wanda ya ci rayuka aƙalla 15, ya rusa gidaje masu yawa. Sai matan unguwarmu a Fagge suka yi karo-karo, mu goma sha ɗaya muka ce za mu raka kayan da ƙafarmu.

Atamfa a Kantin Kwari muka saye ta, tabarmi da bokitai da sabulu da garin kwaki kuwa a kasuwar Sabon Gari. Muna cikin ɗaure kaya sai ga labarin madatsar Alau ta ɓalle, Maiduguri ta nutse. Yayana ya dube ni ya ce, "Ke yanzu naki na gida na cikin ruwa, za ki tsallaka wata ƙasa?" Wallahi na rasa amsa. Hajiya ce ta ce masa ruwa bai san iyaka ba, ya bar ni in tafi.

Da asuba muka ɗauki hanya, Bichi, Katsina, sai Jibiya, inda motar ta yi tsit kowa yana jan carbi saboda halin da hanyar take ciki. Daga Magama muka tsallaka Ɗan Isa. A nan ne girman kaina ya fara zubewa, don da na miƙa wa ɗan canji kuɗin guzurina, 'yan takardun da ya maido min ba su cika tafin hannu ba. Jaka ɗaya ta sefa ta fi naira dubu biyu. Ni da na fito da tunanin mu ne manyan yayye masu kawo taimako!

Gaskiya na zaci zan ga wata duniya daban. Ina! Tuwo ne, fura ce, kiran salla ne irin namu, sai dai allunan kan titi da Faransanci, makaranta kuma su ce lakwal. A wata lakwal ɗin aka sauke mu, don can aka tsugunar da waɗanda gidajensu suka rushe. An jingine bencina a bango, kowane aji iyali huɗu ko biyar, zani ne ya raba tsakaninsu. Warin danshi da hayaƙin icce suka tare mu tun daga ƙofa.

Wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce, "Ɗiyata, daga Kano kuke? Ku ne kunka yanke muna wuta bara?" Tana nufin takunkumin da aka sa musu bayan juyin mulkin Yulin 2023, lokacin da aka rufe iyaka har zuwa Maris na 2024. Na sunkuyar da kai na ce, "Inna, ba mu ba ne." Ta yi dariya har da tafi, ta sa aka dama mana fura. Mutanen da ba su da rufin kwana su ne suka fara ciyar da mu, tun ba mu kwance ko ƙulli ɗaya ba. Kunya ta hana ni sha sosai.

A bayan ajin na tarar da wata yarinya, ba za ta wuce shekara sha huɗu ba, ta shanya littattafanta a rana ta danne su da duwatsu. Tawada ta zube, shafuka sun manne, amma tana ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya da tsinke. Ba ta ko kalli atamfar da ake rabawa ba. Ta ce, "Yaya, ba ku zo da littafin rubutu ba?" Mu goma sha ɗaya, duk mun yi makaranta, babu wadda ta tuna da shi a Sabon Gari. Daga baya ma gwamnatinsu ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba.

Na buɗe jakata na ɗauko littafin da na fara rubuta sabon labarina a ciki, na yage shafuka shida na farko na cusa a aljihu, na miƙa mata sauran tare da biro. Ta juya shi gaba da baya, sannan ta tambaye ni ko gobe ma za mu dawo.