Furen Wardi A Unguwar Kilomita Biyar: Fari Ne Abin Tsoro, Ba Sanyi Ba

Duk ɗan kasuwar da ya sayi dashen furen wardi don ƙawata gidansa a unguwar Kilomita Biyar da ke Bangui, to ya yi hattara da bayanin renon da ke zuwa daga Turai, kada kuɗinsa su salwanta a banza.

A Faransa, inda aka fito da irin nan mai manyan furanni a shekarar 1867, tsananin sanyi ne ke kashe shukar, shi ya sa suke tula ƙasa a gindinta har hunturu ya wuce. A Bangui kuwa babu ƙanƙara. Matsalar ita ce daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ruwan sama ke ɗaukewa, iska ta busar da ƙasa.

Maganin abin shi ne a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa kewaye da gindin, ba tare da ya taɓa karan ba. A riƙa ba da ruwa sosai da sassafe, a gindi, kada a jiƙa ganye don gudun cuta.

Dangane da girma, wannan iri yakan kai mita 1 zuwa 1.5, mai yaɗo kuma ya kai mita 3. Sai dai kada mai gida ya sa ran furanni irin na Naibasha ta ƙasar Kenya. Can tudu ne mai sanyi, kusan mita 1,900, alhali Bangui ba ta kai mita 400 ba, zafi kuma yana ƙanƙantar da fure.