Tiyon Birki: Ɗigon Da Uwargida Ke Fara Gani

Yau zancenmu na mota ne. Na san wata za ta ce, "To ni da ko ƙofar gida ba na zuwa, ina ruwana da mota?" Uwargida, da ruwanki. Motar nan ita ke kai yaranki makaranta, ita ke kai ki awo asibiti, ita ke ɗaukar maigida kullum. Kuma idan a cikin gida take kwana, ke ce mai share wurin da safe, don haka ke za ki fara ganin abin da ya ɗiga a ƙasa.

Bari mu fara da yadda birki yake aiki. Idan direba ya taka birki, wani mai ne yake turawa, wanda ake kira man birki. Man yana bi ta siraran bututun ƙarfe a ƙarƙashin mota har kusa da taya. To amma taya tana hawa da sauka a gargada, ta gaba kuma tana juyawa hagu da dama. Ƙarfe ba zai jure wannan ba, shi ya sa ake haɗa ƙarshen da ɗan gajeren tiyo na roba mai zare a ciki. Shi ne tiyon birki. Kuma kin san halin roba, ko tiyon da kike tarar ruwa da shi idan ya daɗe a rana sai ya bushe ya tsattsage. Haka na mota yake, ga zafi, ga ƙura, ga ruwan damina. Yawancin motocin gidajenmu kuwa, daga tsohuwar Peugeot 504 har zuwa 'yan Kwatano, sun shekara goma ko ashirin, wasu ma da tiyon da aka ƙero su da shi suke yawo.

Tiyo yana lalacewa ta hanya uku. Ko ya tsattsage ya fara yoyo, ko ya kumbura kamar ƙurji idan an taka birki, ko kuma ya ruɓe ta ciki alhali waje lafiya lau. Wannan na ukun ya fi yaudara: man zai tafi amma ba zai iya dawowa ba, sai birkin tayar ya riƙe, mota ta riƙa ja gefe guda, tayar ta yi zafi har a ji ƙauri.

To me za ki lura da shi? Idan mota ta fita, dubi inda ta kwana. Baƙin mai a daidai injin, wannan man inji ne. Ruwa zalla a gaba, yawanci na na'urar sanyaya mota ne, ba komai. Amma ɗigo a gindin taya, mai santsi, mai kalar man gyaɗa ko ya yi duhu kamar shayi, wannan man birki ne. Kada ki bari sai dare, aika a faɗa wa maigida nan take. Haka nan idan kina cikin mota kika ga yana taka birki sau biyu ko uku kafin ta tsaya, ko kika ji yana cewa kullum sai ya ƙara man birki, to akwai inda yake zuba. Man birki ba fetur ba ne, ba ya ƙonewa ya ƙare.

Idan za a je gareji, ga abin da za ki tuna masa. Na farko, tiyon birki ba a ɗaure shi da roba, ba a liƙe shi, canza shi ake yi da sabo, ba na gwanjo ba. Na biyu, a canza biyu tare, hagu da dama, don tsufansu ɗaya. Na uku, kada ya yarda bakanike ya toshe layin taya guda ya ce "a lallaɓa haka". Na huɗu, bayan an ɗaura, a tabbatar bai murɗe ba, kuma ba ya gogar taya idan an karya sitiyari har ƙarshe. Na biyar, dole a fitar da iskar da ta shiga layin, sai birki ya yi tauri a ƙafa sannan a hau titi.

Shi ma man, akwai lamba a murfin 'yar robar da ake zuba shi, DOT 3 ko DOT 4, ita za a bi. Yana shan danshi daga iska, don haka ana so a canza shi duk bayan shekara 2. Kada a zuba man inji a madadinsa, yana kumbura roba ya lalata birkin gaba ɗaya. Ruwan sabulu kuwa tsatsa yake kawowa, ya tafasa idan birki ya yi zafi. Sannan ragowar man da maigida ya ajiye a gida, ki ɗaga shi sama nesa da yara. Guba ne, ga shi da ɗan zaƙi-zaƙi.

Sai kuma yadda za ki faɗa. Ba lokacin da ya shigo a gajiye ba, ba kuma a gaban mutane ba. Bayan ya ci abinci ya huta, ki ce, "Maigida, na ga ɗigon mai a gindin tayar gaba ta dama, don Allah a duba kafin a ɗauki yara gobe." Idan ya ce babu kuɗi, tuna masa kuɗin tiyo biyu bai kai na jinyar haɗari a gadon asibiti ba. Rigakafi ya fi magani.

Nan za mu dakata. Gobe da safe kafin ki sa tsintsiya, ki ɗan duƙa ki duba. Allah ya tsare mana iyalanmu a hanya, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.