YADDA AKE TAFIYAR DA ƘUNGIYAR MASU BARIN SHAN GIYA

Shan giya yana cikin manyan abubuwan da ke raba magidanci da aikinsa, su kuma zubar masa da mutunci a idon iyalinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a cikin shekarar 2019 kaɗai, barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2 da dubu 600 a duniya. A ƙasar nan ma akwai waɗanda wannan masifa ta kama, a birni da ƙauye, wasu da giyar kwalba, wasu da burukutu ko bammi ko ogogoro. Da yawa daga cikinsu sun sha rantsewa sun bari, amma kafin wata ya zagayo sai a sake ganinsu a inda aka saba ganinsu. Dalili kuwa shi ne da wuya mutum ya ci wannan yaƙi shi kaɗai, balle idan abokan hirarsa duka mashaya ne.

Saboda haka ne a ƙasashe da yawa masu son bari sukan haɗu su kafa ƙungiya, suna zama tare a kai a kai, suna ƙarfafa wa juna gwiwa. Kafa irin wannan ƙungiya ba shi da wuya, ɗorewarta ce aiki. An shirya wannan ɗan littafi domin a bayyana wa jama'a yadda ake raba ayyuka a cikinta, da yadda ake gudanar da zamanta, don kada nauyinta ya rataya a wuyan mutum ɗaya.

ASALIN IRIN WANNAN ƘUNGIYA

Ƙungiyar da ta fi suna a wannan fanni ita ce Alcoholics Anonymous, watau mashayan da ba a bayyana sunayensu. An kafa ta a 1935 a garin Akron, cikin Jihar Ohio ta Amurka. Wani dillalin hannun jari mai suna Bill Wilson, wanda ya yi 'yan watanni da barin giya, ya je garin don wata harka, sai harkar ta lalace. Da ya ji zuciyarsa tana raya masa ya koma ga kwalba, sai ya nemi a haɗa shi da wani mashayi su yi magana. Aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Dokta Bob Smith. Wilson ya tsira bai sha ba, Smith kuma ya bari a watan Yuni na wannan shekara, bai sake komawa ba har mutuwarsa a 1950.

Abin lura a nan shi ne Wilson ya je taimakon wani ne domin ya tsirar da kansa. A kan wannan aka gina komai: hidimar da ɗan ƙungiya ke yi wa 'yan'uwansa tana daga cikin maganinsa. A 1939 suka buga littafinsu mai ɗauke da matakai 12 na barin giya, a 1950 kuma, a babban taronsu na Cleveland, suka amince da ƙa'idoji 12 na tafiyar da ƙungiya. A 2020 masanan cibiyar Cochrane sun tattara bincike 27 da aka yi a kan mutum fiye da 10,000, suka tarar wannan hanya tana kai mutane ga bari kamar sauran hanyoyin magani da aka gwada ta da su, a wasu wuraren ma ta fi su.

Kafin wannan an yi wata ƙungiya da ta cancanci a ɗauki darasi daga gare ta. A 1840 wasu mashaya shida a birnin Baltimore na Amurka suka kafa ƙungiya da sunan Washington. Cikin ƙanƙanen lokaci ta tara dubban mutane, amma ba ta yi tsawon rai ba. Ta shiga rigingimun siyasa da gardamar addini, ta kuma dogara ga wasu 'yan tsirarun mashahuran masu jawabi, har idan ɗayansu ya koma sha sai sunan ƙungiyar duka ya ɓaci. Yawancin shawarwarin da ke tafe an tsara su ne don gudun irin wannan ƙarshe.

WANDA ZAI SHIGA, DA WURIN ZAMA

Sharaɗin shiga ɗaya ne tak, watau mutum ya kasance yana son barin giya. Ba a tambayarsa addininsa, ko ƙabilarsa, ko jam'iyyarsa, ba a kuma karɓar kuɗin shiga. Mutum biyu ko uku sun isa su fara.

Ya kamata a nemi ɗaki mai rufin asiri, wanda ke nesa da gidan giya, kuma shigarsa ba za ta sa a nuna mutum da yatsa ba. Ajin makaranta bayan an tashi, ko ɗakin taron gari, ko wani ɗaki a asibiti, duk suna yi. Zauren ɗan ƙungiya bai dace ba sai bisa larura, domin ran da mai gida ya yi fushi ko ya koma sha, ƙungiya ta rasa wurin zama ke nan. A tsayar da rana ɗaya da lokaci ɗaya a kowane mako, kada a riƙa sauyawa. Mai son zuwa yakan yi makonni yana shawara da zuciyarsa, idan kuwa ya zo ya tarar da ƙofa a rufe, mai yiwuwa ne ba zai sake dawowa ba. Kazalika yana da kyau a sanar da mai unguwa da limami ko fasto manufar zaman, ba tare da an ba su sunan kowa ba.

AYYUKA DA MASU RIƘE SU

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga ayyukan da ƙungiya ke bukata, dukansu kuwa na sa kai ne, ba a biyan kowa ko kwabo:

1. Shugaban zama. Shi ne mai buɗe zama da rufe shi a kan lokaci, ya ba kowa damar magana. Ba shi da ikon yanke wa ƙungiya hukunci.

2. Magatakarda. Shi ke yin sanarwa, ya nemo wanda zai yi jawabi a zama mai zuwa, ya kuma rubuta abin da aka yanke game da sha'anin ƙungiya. Ba ya rubuta labarin da wani ya bayar na rayuwarsa.

3. Ma'aji. Shi ke ajiye abin da aka tara, ya biya kuɗin ɗaki da na shayi, ya karanta lissafi a gaban kowa sau ɗaya a wata.

4. Mai tarbar baƙi. Yana tsayawa a bakin ƙofa ya gai da duk mai shigowa, ya zaunar da sabon zuwa kusa da wani tsohon ɗan ƙungiya.

5. Mai makulli da shimfiɗa. Shi ke riga kowa zuwa, ya share ɗaki, ya jera kujeru ko tabarmi, ya dafa ruwan shayi.

6. Mai kula da littattafai. Yana adana takardun karatu, ya ba sabon zuwa abin da zai tafi da shi gida.

7. Wakili. Idan akwai ƙungiyoyi irinta a wasu unguwanni ko garuruwa, shi ke zuwa taronsu ya dawo da bayani.

Ban da waɗannan akwai aikin jagora. Jagora shi ne tsohon ɗan ƙungiya wanda sabon zuwa ya zaɓa da kansa don ya riƙa neman shawararsa, ya kuma kira shi duk lokacin da sha'awar giya ta taso masa, ko da tsakar dare ne. Namiji ya jagoranci namiji, mace ta jagoranci mace. Kada jagora ya ranta wa wanda yake jagoranta kuɗi, kada kuma ya ci bashinsa. A inda al'ada ba ta yarda maza da mata su zauna wuri ɗaya ba, sai mata su yi zamansu daban, da masu riƙe ayyukansu.

Kada a raina ƙananan ayyuka. Wanda ya yi sati uku da bari, aka danƙa masa dafa shayi, ya san ana jiransa ranar zama, wannan kuwa kan hana shi ratsewa a hanya. Amma aikin da ya shafi kuɗi sai a ba wanda ya daɗe, misali wanda ya shekara ɗaya ko biyu bai sha ba, kuma yana da abin yi.

KARƁA-KARƁA

Lalle ne kowane aiki ya kasance da wa'adi. Ƙungiyoyi da yawa suna ba shugaban zama da magatakarda wata shida, ma'aji shekara ɗaya, wakili shekara biyu. Idan wa'adi ya cika sai mutum ya sauka, ko da ya fi kowa iya aikin, ya koya wa magajinsa, shi kuma ya ɗauki wani aiki dabam. Wanda ya yi shugabanci bana ba abin kunya ba ne ya riƙe tsintsiya baɗi.

Amfanin wannan biyu ne. Na farko, wanda ya daɗe a kan kujera yakan fara ɗaukar ƙungiya tamkar gadon gidansu, sabbin zuwa kuma su zama 'yan kallo. Na biyu, kowane ɗan ƙungiya mai jinya ne, kuma babu wanda ya fi ƙarfin faɗuwa. Idan mutum ɗaya ne ke riƙe da makulli da kuɗi da littafi, ran da ya faɗi duka za su bi shi. Wanda ya koma sha yana riƙe da aiki, sai a karɓi aikin cikin mutunci a ba wani, amma kada a kore shi. A ranar ce ya fi bukatar 'yan'uwansa.

YADDA ZAMA KE GUDANA

Zama iri biyu ne. Akwai na 'yan gida, wanda ba mai shiga sai mai son barin giya, akwai kuma buɗaɗɗe, wanda iyali da ma'aikatan lafiya da malaman addini ke iya halarta su saurara. Awa ɗaya ta isa. Shugaba zai buɗe da ɗan shiru, kowa ya yi addu'a a zuciyarsa bisa addininsa, sa'an nan a karanta manufar ƙungiya, a yi wa baƙi maraba. Daga nan sai mai jawabi ya faɗi yadda yake a da, da abin da ya same shi, da yadda yake yanzu. Sauran lokacin a raba shi, kowa ya sami minti uku zuwa biyar.

Kowa labarin kansa zai bayar. Ba a katse mai magana, ba a yi masa gardama ko wa'azi, ba a kuma tilasta wa wanda ya zaɓi yin shiru. Idan wani ya zo a buge, a bar shi ya zauna ya saurara muddin bai ta da hankali ba, bayan an tashi mutum biyu su yi masa magana a gefe.

Maganar kuɗi da zaɓe da saɓani kuwa a keɓe mata zama na musamman sau ɗaya a wata. A nan kowa ƙuri'arsa ɗaya, daga wanda ya shekara goma har wanda ya yi wata guda. A saurari 'yan tsirarun da ra'ayinsu ya bambanta, idan kuma kawuna sun rabu ƙwarai, gara a ɗage maganar zuwa wata mai zuwa.

KUƊI

Ƙungiya ta riƙe kanta da abin da 'ya'yanta suka jefa a ƙwarya ko jaka a ƙarshen zama, kowa gwargwadon ƙarfinsa, wanda ba shi da shi kuma ba a kallonsa. Mutum biyu su ƙirga, su sa hannu a littafi. A ajiye abin da zai ishi hidimar wata biyu ko uku, kada a tara fiye da haka, gama tarin kuɗi shi ke jawo rigima. Kada a karɓi gudummawar ɗan siyasa ko kamfani ko wani attajiri, domin mai ba da kuɗi yau shi ne mai ba da umurni gobe. A 1938, da aka nemi taimako mai yawa wurin attajirin nan John D. Rockefeller ƙarami, dala 5,000 kawai ya bayar, don yana ganin kuɗi za su ɓata aikin. Daga baya 'yan ƙungiyar da kansu suka mayar da dogaro da kai ƙa'ida.

RIƘON ASIRI

A ƙasar nan shan giya abin kunya ne a wurare da yawa. Musulunci ya haramta shi, majami'u da dama suna hani da shi, a jihohin Arewa da ke aiki da shari'ar Musulunci kuma laifi ne ga Musulmi. Saboda haka mai neman bari yana sa aurensa da aikinsa cikin haɗari idan maganarsa ta fita. Abin da aka ji a ɗakin zama, da wanda aka gani, a bar su a nan. Sunan farko ya isa. Ba a ɗaukar hoto ko murya, ba a kuma sa sunan kowa a rediyo ko jarida ko intanet. Idan an haɗu a kasuwa, kada a yi wa mutum gaisuwar da za ta tona shi.

IYAKAR AIKIN ƘUNGIYA

Ƙungiya ba ta maye gurbin asibiti. Wanda ya daɗe yana sha da yawa kowace rana, idan ya yanke gaba ɗaya, jikinsa yakan fara rawa da gumi cikin yini guda, wani ma ya yi farfaɗiya. Bayan kwana biyu ko uku hankalinsa na iya gushewa, ya riƙa ganin abin da babu shi, wannan kuwa yana kisa. Irin wannan mutum a kai shi wurin likita kafin ya yanke. Gwamnatin Tarayya tana da asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna, da Kware ta Jihar Sakkwato, da Maiduguri, da Aro ta Abekuta, da Yaba ta Legas, da Inugu, da Kalaba, da Benin. Kada ɗan ƙungiya ya ce wa wani ya daina maganin da likita ya ba shi.

Iyalin mashayi su ma suna bukatar mai saurarensu. Tun 1951 aka kafa musu tasu ƙungiya mai suna Al-Anon, a bisa irin wannan tsari, kuma matan aure da iyaye suna iya yin koyi da ita a unguwarsu.

Duk mutanen da suka yi niyyar farawa, su nemi ɗaki, su tsayar da rana, su raba ayyuka tun daga zaman farko, su kuma rubuta ranar da wa'adin kowa zai cika. Allah Ya sa a dace.