Daga Sarayebo zuwa Toda: Ƙabilanci da gina dimokuraɗiyya

Da katangar Barlin ta faɗi a 1989, mutane da yawa sun zaci kwaminisanci na kaucewa zaman lafiya zai biyo baya. Ba haka aka gani ba. Tarayyar Sobiyet ta tarwatse gida 15 a 1991. A Yugoslabiya kuwa shugabanni suka riƙa neman ƙuri'a da sunan ƙabila, har Bosniya ta faɗa yaƙi daga 1992 zuwa 1995, birnin Sarayebo ya shekara uku da ɗoriya a kewaye.

Mu a Nijar ba mu yi kwaminisanci ba, amma iskar da ta kayar da shi ita ta iso mana. Mulkin jam'iyya ɗaya na Janar Ali Saibou ya sassauta, aka buɗe Taron Ƙasa a Yamai ran 29 ga Yuli 1991. Kafin nan arewa ta ɗau zafi: kashe-kashen Cintabaraden na Mayun 1990 sun hura wutar tawayen Abzinawa, masu neman yankinsu ya ci gashin kansa.

Mu mutanen jahar Maraɗi ba sai mun je Turai neman misali ba. A ƙarshen Oktoban 1991, ana dab da rufe taron, rikicin manoma da makiyaya a Toda, cikin Gidan Rumji, ya ci rayuka fiye da 100, galibinsu mata da yaran Fulani. Ba wanda ya nemi raba ƙasa a Toda. Amma cutar ɗaya ce: laifin mutum guda aka ɗora wa ƙabila duka, a lokacin da hukuma ta yi rauni.

Abin da ya taimake mu shi ne komawa ga tushen rigimar. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin filaye, inda sarakai, manoma da makiyaya ke zama tare kan gona, burtali da rijiya. Sulhun 24 ga Afrilu 1995 ya amsa kukan arewa da alkawarin sakar wa yankuna mara, abin da ya kai ga zaɓen ƙananan hukumomi na 2004. Duk da haka tawaye ya sake ɓarkewa daga 2007 zuwa 2009.

A Agye da Gazawa jama'a na ƙaruwa, gonaki na cinye burtali. A Gidan Rumji, 'yan bindiga daga iyakar Najeriya sun sa wasu na kallon kowane Bafulatani da zargi. Sojoji sun karɓi mulki ran 26 ga Yuli 2023, amma ko yaushe aka koma ga akwatin zaɓe, wannan aiki na nan yana jira. Mu raya kwamitocin filaye, mu hukunta mai laifi da sunansa, mu kuma ƙi duk ɗan takarar da zai roƙi ƙuri'armu da sunan ƙabila.