Lissafin kasada: karatun da ke bayan kuɗin fanshonka a Ghana

A shekarar 2024 wani rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ya tayar da hankalin ma'aikata a Ghana, inda ya yi hasashen cewa ajiyar asusun fansho na SSNIT za ta iya ƙarewa nan da shekarar 2036 idan ba a yi gyara ba. Hukumar ta fito ta ce tana da ƙarfin ci gaba da biyan 'yan fansho. To su wane ne ke yin irin wannan hasashe? Masana lissafin kasada ne, waɗanda aikinsu shi ne auna abin da zai iya faruwa gobe, su faɗi nawa za a tanada yau.

Ga misali. A ce masu babura 1,000 a Yendi sun yarda su riƙa zuba kuɗi a asusu ɗaya, domin a biya duk wanda aka sace masa babur. Idan bayanan shekarun baya sun nuna ana sace 20 a shekara, kowanne kuma ya kai sidi 10,000, asusun na buƙatar sidi 200,000, wato sidi 200 a kan kowa. Sai a ƙara kuɗin gudanarwa da tanadin shekarar da sata za ta yi yawa. Bambancinsa da adashe shi ne, a adashe kowa zai kwasa, a nan kuwa wanda tsautsayi ya faɗa wa ne kawai ke karɓa.

Lissafin fansho ya fi wannan wuya, domin ya shafi tsawon rai. Rai a hannun Allah yake, kuma masanin ba ya cewa wane zai rasu ranar kaza. Abin da yake dubawa shi ne, cikin mutum dubu masu shekara 60, kimanin nawa ne ke kaiwa 80. Tun a 1693 Edmond Halley na Ingila ya tsara irin wannan jadawali daga rajistar haihuwa da mutuwa ta birnin Breslau.

A Ghana, dokar fansho ta 2008, wadda ta fara aiki a 2010, ta kasa tsarin gida uku. Ma'aikaci na biyan kashi 5.5 cikin ɗari na albashinsa, mai aikin ya ƙara kashi 13. Daga cikin 18.5 ɗin, 13.5 na zuwa SSNIT, wadda ke miƙa 2.5 ga inshorar lafiya, sauran 5 kuma su tafi asusu na biyu. Na ukun na ganin dama ne. Wanda ya zuba na wata 180 ya cancanci fansho idan ya cika shekara 60: kashi 37.5 na matsakaicin albashin shekarunsa uku mafi tsoka, yana ƙaruwa har zuwa kashi 60 ga wanda ya yi shekara 35. Idan masu zubawa suka yi kaɗan, masu karɓa kuma suka yi tsawon rai, lissafin sai ya karkace.

Nan ne maganar ta shafe mu. Mafi yawan masu fataucin doya a Salaga, da manoman albasa a Bawku, da mahauta da teloli na zango ba su da albashin wata, saboda haka ba sa cikin asusun, ko da yake doka ta ba mai sana'ar kansa damar yin rajista. Haka ma manomin da ke bakin kogin Farar Bolta, wanda gonarsa ke nutsewa idan an saki ruwan madatsar Bagre ta Burkina Faso, da wuya ka same shi da inshora. Kamfani ba ya sa farashi a kan kasadar da ba shi da bayananta, kuma wanda ya san kasuwar da harshenta ne zai fi iya tattara su. Masu ƙyamar riba ma suna da tsarin takaful, wanda shi ma sai da wannan lissafi yake tsayawa.

Ana yin digirin na shekara huɗu a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi, da Jami'ar Ghana da ke Legon, da ta Cape Coast. A arewa akwai jami'ar da ke Navrongo, yanki ɗaya da Bawku. Ɗalibi zai karanta lissafi, ƙididdiga, tattalin arziki, harkar kuɗi da sarrafa bayanai a kwamfuta. Sharaɗin da ke kayar da yara da yawa shi ne lissafin zaɓi a jarrabawar WASSCE, don haka shawarar tana farawa ne tun ranar zaɓen fanni a sakandare.

Ya kamata iyaye su sani cewa digiri kaɗai bai mai da mutum cikakken masani ba. Akwai jarrabawar ƙwararru ta cibiyoyin Birtaniya ko Amurka, mai tsada da cin shekaru, wadda yawanci ake yi ana aiki. Amma ko kafin a kammala ta, akwai gurabe a kamfanonin inshora, bankuna, SSNIT da Hukumar Inshora ta Ƙasa. Idan ɗanka ko 'yarka na da kaifin lissafi, tambayi makarantarsu tun yanzu ko suna da malamin lissafin zaɓi.